Sunayen da Aka Soke: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Ciyamomin Birnin Kano

Zuwa ga masu girma shugabannin ƙananan hukumomin Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina roƙon Allah ya taya ku riƙon wannan amana, ya sa ku sauke ta lafiya.

Ni tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya, kuma shekara da shekaru ke nan ni ke riƙe da littafin kwamitin taimakon kai da kai na unguwarmu. Unguwa ce a wajen ganuwa, ba sai na faɗi sunanta ba, domin abin da zan faɗa ba ita kaɗai ya shafa ba. Littafin mai baƙin bango ne, irin wanda muke kiran sunan yara da shi a aji. A ciki akwai sunan duk wanda muka san idan ba a leƙa shi ba zai iya wuni ya kwana ba a ɗora tukunya a gidansa ba: zawarawa masu marayu, tsofaffin da 'ya'yansu suka rasu ko suka yi nisa, makafi, guragu, kurame, masu lalurar ƙwaƙwalwa, da waɗanda tashin hankali ya koro daga garuruwansu. Da yawunsu nake magana, da kuma yawun 'yan kwamitinmu, waɗanda a cikinsu akwai liman, akwai dattijon coci, akwai ungozoma, akwai mai shayin bakin titi.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kwanakin baya aka aiko mana daga wani ofishi cewa mu kawo sunayen mabuƙata, za a yi rabon kayan abinci. Muka zauna bayan sallar isha'i har dare ya raba, muna tacewa, muna gardama a kan wa ya fi wa shiga wani hali, abin da ba shi da daɗin yi ko kaɗan. Muka kai takarda. Bayan mako biyu ta dawo hannun mai unguwa, an bi wasu sunaye da jan biro. Da na je neman ba'asi, wani matashin ma'aikaci, wanda ba na ganin laifinsa don umarni aka ba shi, ya ce mini, "Baba, waɗannan ba 'yan nan ba ne. Sai mai indijin." A gurbin waɗanda aka soke an cike wasu sunaye da wani rubutun hannu daban. Biyu daga ciki na san su. Ɗayan yana da Adaidaita Sahu har biyu a kan titi.

A cikin waɗanda aka soke akwai wata baiwar Allah da kakanta ya zo aikin jirgin ƙasa daga ƙasar Yarabawa. A Kano aka haifi mahaifinta, a Kano aka haife ta, shekaru ta yi tana sayar da alala a ƙofar makarantar da na koyar, kuma idan tana Hausa ba za ka ce ta taɓa jin wani yare ba. Yanzu ciwon suga ya ci ƙafarta ɗaya. Akwai wani magidanci daga wani ƙauyen Zamfara da ke zaune da iyalinsa a kango, an rufe tagogi da buhu. Akwai wani tsohon mai gadi daga wajen Damagaram ta Nijar wanda ya tsare mana layi tun ba a sa fitila ba, har idonsa ya mutu a bakin aiki. Ni aka bar wa aikin zuwa in gaya musu babu sunansu.

Wani zai ce me ya hana ni rubuta wa Gwamna, tunda a garin nan ko kwata ce ta toshe sunan Gwamna ake kira. Dalilina yana cikin kundin tsarin mulki na 1999. Jadawali na huɗu ya jera ayyukan ƙaramar hukuma, kuma kusa da farkon jerin akwai kafa maƙabartu da gidajen gajiyayyu da marasa galihu, da kula da su. Akwai rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Akwai banɗakunan jama'a da kwashe shara. Akwai sa hannu a ilimin firamare da na manya da kiwon lafiya. Wannan jadawalin ne dai ya ba ku kula da kasuwanni da tashoshin mota da shaguna, kuma wannan ɓangaren ba mu taɓa ganin an manta da shi ba. Ko ana tsuga ruwan sama mai rasit yana zuwa. Sannan ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa kason ƙananan hukumomi 774 daga asusun tarayya haƙƙinsu ne, a riƙa ba su kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ke bi kafin su iso sakateriya, aikin dai yana nan rubuce da sunanku. Kuma ku ne kusa. Tsohuwar da ke cikin littafina ba za ta taɓa ganin ƙofar gidan gwamnati ba, amma kansilanta ta san uwarsa, wataƙila ma ta goya shi.

Kukanmu na farko, wanda ya fi ci mini rai, shi ne auna mabuƙaci da takardar asali, wato indijin.

Muna alfahari da kirarin garinmu, Kano tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka. Kirarin yana magana ne da wanda ya zo da wani abu a hannu. Ni tambayata a kan wanda ya zo ba shi da komai ce, da wanda ya zo da ƙarfinsa ya ƙarar da shi a nan. Ranku ya daɗe, ku zaga cikin badala ku karanta sunayen unguwanni kawai. Ayagi ta Yarabawa ce. Ga Tudun Nufawa, ga Zangon Barebari, ga Agadasawa. Dandalin Turawa zaman Larabawan da suka ƙetaro hamada ne, tun lokacin da kalmar Bature ke nufin Balarabe. Wangarawan da suka zo daga Mali zamanin Sarki Yaji su suka raya Madabo da karatu. Sarki Muhammadu Rumfa da ya kafa kasuwar Kurmi a ƙarni na 15 bai kafa ta don 'yan gida su riƙa sayar wa juna ba. Fagge zangon fatake ce. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, Sabon Gari ta biyo baya, kuma a can ne asibitin ido na mishan ya buɗe tun 1943, inda iyayenmu da kakanninmu daga ko'ina a Arewa suka je aka cire musu yanar ido. Jikokin baƙin jiya su ne Kanawan cikin gari a yau, wasunsu ma su ke sa hannu a takardar indijin ɗin. Da an tambayi kakanninsu irin wannan takarda a Ƙofar Mazugal ko Ƙofar Ruwa, da yanzu ba mu da garin da za mu yi wa kirari.

Ban ce a soke takardar asali ba. Tana da gurbinta wajen rabon muƙaman tarayya da guraben ɗaukar aiki, wannan wata muhawara ce ta daban. Amma buhun masara da katin asibiti da keken guragu ba muƙami ba ne. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ya hana a tauye ɗan Najeriya saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa ko ra'ayinsa na siyasa. Sashe na 15 ya ɗora wa hukuma tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a duk inda yake a tarayyar nan. Tsohon mai gadinmu na Damagaram bai shiga waɗannan sassa ba, na sani. Shi kuma sai in tuna muku abin da iyayenmu suka ce, baƙonka Annabinka, balle baƙon da ya kwana a waje shekara da shekaru don mu yi barci a ciki.

Akwai abin da mutane ba su lura da shi ba. Idan aka ce "ba ɗan gari ba", tunani yakan tafi Sabon Gari. A littafina kuwa, waɗanda wannan ƙa'ida ta fi kayarwa Hausawa ne da Fulani da Barebari daga Katsina, Jigawa, Zamfara, Yobe da Borno. Jigawa ma sai a 1991 aka cire ta daga jikin Kano. Akwai tsofaffin da suka kwanta suna Kanawa suka tashi suna baƙi ba tare da sun matsa daga kan tabarmarsu ba. Sai mata. Takarda uba take bi, don haka matar da aka auro daga Bauci ta haifa wa Kano 'ya'ya tara, ranar da mijin ya rasu sai a tuna mata ita ba 'yar nan ba ce. Mai ɗan hali ya san yadda zai yi ya samu takardar ko daga ina kakansa ya fito. Wanda ba shi da ko kuɗin hoton fasfo shi ƙa'idar ke kamawa.

Kuka na biyu shi ne yadda ake haɗa sunaye tun asali. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, wannan kowa ya sani, kuma ban zo in yi kamar yau aka fara ba. Amma abin ya kai inda duk rabon da ya biyo ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, kafin ya iso layinmu ya zama ladan kamfe. Tsohuwar da ba ta iya fita taro ba ta da mai tuna ta. Gwamnatin tarayya tana da rajistar mabuƙata ta ƙasa, wadda tsarinta shi ne mutanen unguwa su taru su faɗi da bakinsu wane ne talaka a cikinsu. Tsari ne mai kyau a takarda. A Oktoban 2023 aka sanar da tallafin naira 25,000 duk wata har wata uku ga magidanta miliyan 15, aka kuma ɗaura shi da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa ko BVN ta banki. To wa zai ɗauki makaho ɗan shekara tamanin ya kai shi layin yin katin ɗan ƙasa? Akwai matan da wanki da surfe suka cinye musu zanen yatsu, na'ura ta ƙi karɓa, aka ce su dawo gobe, goben da kuɗin mota ya hana ta zuwa tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023.

Illar da ba a gani ita ce ta amana. Duk zuwan da aka yi aka ɗauki sunaye ba a dawo da komai ba, mutane mu suke kallo. Ni da kaina an taɓa ce mini ɓarawo a ƙofar masallaci, daga bakin yaron da na koya wa baƙi da wasali. Ban ji haushinsa ba, uwarsa na cikin jerin, kuma sau uku ina karɓar hotonta. Yanzu akwai gidajen da idan na doso da littafi sai a ce matar gidan ba ta nan.

Na uku, masu buƙata ta musamman. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu bambanci. Dokar ta ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga yadda mai keke da mai sanda za su shiga da kansu. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Ta ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, a fara sallamarsu idan ana layi, asibitoci kuma su tanadi hanyar magana da wanda ba ya ji ko ba ya iya furuci. Ina roƙon kowannenku gobe da safe, kafin ya shiga ofis, ya tsaya a ƙofar sakateriyarsa ya ƙirga matakalar da ke tsakanin ƙasa da teburin da ake karɓar koke. Ya yi haka a asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, da firamaren da ya yi. Na taɓa raka wani gurgu wani ofishi, sai da samari biyu suka ɗauke shi kamar buhu zuwa hawa na sama, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Da muka sauko ya ce mini, "Malam, ko me za su ba ni ba zan sake zuwa ba."

Garin nan yana da bashi na musamman a wuyansa game da guragu. Kano na cikin wuraren da shan inna ya fi yi wa ɓarna, kuma daga 2003 zuwa tsakiyar 2004 an dakatar da rigakafi a jihar. A Agustan 2020 aka yi murnar Afirka ta rabu da cutar da ke yawo a gari, muka yi hamdala. Amma yaran da ta riga ta kama suna nan, sun zama samari da 'yan mata, wasu da aure. Da yawansu ba bara suke so ba. Akwai masu walda a cikinsu da ke ƙera keken guragu da hannunsu, akwai teloli, akwai masu gyaran waya. Rumfa suke nema a kasuwa, kuma rabon rumfa a hannunku yake.

Kurame kuwa sun fi kowa shiga uku, don lalurarsu ba a ganinta. Suna da harshensu, maganar hannu, wanda suke hira da shi har su yi ta dariya a dandalinsu, ga kuma makarantarsu a Tudun Maliki da ta yaye ɗalibai masu yawa. Amma mace kurma idan ta je awon ciki, da ƙanwarta 'yar shekara goma za ta je ta yi mata tafinta a kan abin da bai kamata yarinya ta ji ba. A ƙarshen 2013 aka kafa dokar hana bara a titunan Kano, a Fabrairun 2020 aka sake jaddada ta. Ni ma ba na son ganin mutum a tsakiyar titi yana miƙa hannu. Sai dai idan aka kwashe mutum daga danja ba a ba shi abin yi ba, ranar Juma'a yana nan ya dawo, an bar jaki ana dukan taiki. Alhali mutanen nan suna da shugabanci tun kafin zuwan Turawa: akwai Sarkin Makafi, akwai Sarkin Guragu, akwai Sarkin Kutare, kowanne ya san mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Ku tambayi kanku yaushe rabon da a kira su zaman kasafin kuɗi, ba taron rabon atamfa ba.

Na huɗu gajere ne, don a nan kayan aikin suna nan, sanarwa ce babu. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu asibiti guda da talaka zai je a duba shi ba tare da ya biya ba idan an yi masa rajista. Jihar Kano mazaɓu 484 gare ta, kuma tun 2016 take da dokar taimakekeniyar lafiya da hukumarta. Amma ku shigo layinmu ku tambayi mutum goma ina ake rajistar marasa galihu, yaushe, da wace takarda. Ma'aikacin gwamnati ya san tsarin don ana cira daga albashinsa. Bazawara mai sayar da ƙuli-ƙuli ba ta taɓa ji ba. Ita kemis ta sani, inda za a yanko mata ƙwaya huɗu daga cikin goma, gwargwadon kuɗinta. Mai alalar da na ambata, da an kama ciwonta da wuri, wataƙila da yanzu tana tsaye da ƙafafunta biyu.

Na biyar, waɗanda ba su da kowa. Mun daɗe muna jin sunan gidan gajiyayyu na Shahuci, da gidan marayu na Nasarawa, da gidan yara masu lalura na Tudun Maliki, da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Allah ya saka wa masu aiki a cikinsu. Amma garin da aka gina su dominsa ba shi ne garin yau ba. Ƙidayar 2006 ta ba jihar nan mutum miliyan 9.4, kuma daga ita ba a sake wata ba. Inda muka sani gonaki ne a Rijiyar Zaki da Bachirawa da Sheka da Rimin Kebe da Ɗorayi, yau gidaje ne har iyakar gani. Duk wannan jama'a, idan tsoho ya rasa mai ba shi ruwa, ko saurayi ya samu taɓin hankali ya fara duka, ina za a kai shi, wa za a kira? A 2019 aka rufe gidajen mari a Kaduna da Katsina da Kano bayan abin da aka gano a cikinsu, kuma rufewar daidai ce. Amma iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba don mugunta suka kai ba, rasa yadda za su yi suka yi. Sarƙar ba ta ɓace ba, cikin gida ta koma. Na san ɗaki biyu a unguwarmu da ake kulle mutum a ciki, ana miƙa masa abinci ta taga.

'Yan gudun hijira su ma haka. Waɗanda rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, da waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina, galibinsu ba sansani suka shiga ba. Cikinmu suka narke, a ɗakin haya ɗaya, a kango, a zauren wani bawan Allah. Da yake ba su taru wuri guda da tanti ba, babu mai ɗaukar hotonsu, babu mai ƙirga su. 'Ya'yansu da aka haifa a hanya ko a kango ba su da takardar haihuwa, kuma ranar da za a nemi ta, wajen shiga makaranta ko jarrabawa, ranar ce za a ce su koma ƙauyen da aka ƙone su karɓo.

Tsohon mai gadin nan ya rasu bayan rabon da 'yan kwanaki. Ban ce rashin buhun ne ya kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare. Karo-karo muka yi muka sayi likkafani, wani tela Ba'ibo da ke bakin layi ya fi kowa bayarwa, ya ce tsohon ya taɓa korar masa ɓarayi. A maƙabarta muka tarar da masu haƙa suna aiki da diga mai karyayyen ƙota, katanga ta zube ta gefe guda, awaki na shiga. Ba albashi suke ɗauka ba, abin da masu gawa suka miƙa ne. Maƙabarta kuwa, ta Musulmi da ta Kirista, tana layi ɗaya da gidan gajiyayyu a jadawalin da na ambata.

Kada a ce na ɗora muku komai na wanke mutanen gari. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikinmu akwai mai unguwar da zai fara rubuta matansa. Akwai mai gidan hayar da zai cire ƙofar ɗakin bazawara tun ba ta gama takaba ba. Akwai masu cewa "ai ba namu ba ne" da baki ɗaya da suke karanta haƙƙin maƙwabci. Duk da haka, abin da ke riƙe da garin nan yau shi ne kwanon da ake miƙawa ta katanga, da adashin mata, da asusun masallatai da coci-coci, da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya da ke kai gawar ɗan'uwansu gida, da 'yan agaji da ke kwana a asibiti wajen majinyacin da ba su sani ba. Ga Hukumar Zakka da Hubusi da Hisba, da aka yi wa doka tun 2003, suna nasu ƙoƙarin. Kowa na ja ta nasa gefen, babu mai riƙe da igiyar tsakiya. Kuma kwanon katangar nan ya fara zuwa rabi, don mai bayarwar shi ma yanzu awo yake da gwangwani.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da sanarwa a rubuce, ku takwas ɗin tare, cewa duk tallafin abinci da magani da kayan masu buƙata ta musamman da ya biyo ta ƙaramar hukuma, da zama za a auna shi, ba da asali ba. Shaidar mai unguwa da maƙwabta biyu cewa mutum a nan yake kwana ta wadatar. A karanta sanarwar a rediyo da Hausa da Turanci, a manna ta a Sabon Gari kamar yadda za a manna ta a Jakara. Wannan ba ya cin ko kwabo, kuma shi ne zai kare matashin ma'aikacin nan daga sake ɗaukar jan biro.

Ku ajiye ma'aikacin jin daɗin jama'a guda a kowace mazaɓa, mai teburi a asibitin mazaɓar ko ofishin dagaci, a ƙasa ba a bene ba, da ranakun zama sanannu da lambar waya da ke shiga. Ba sai kun ɗauki sababbi ba. Kowace sakateriya tana da sashen walwalar jama'a, kuma mun san akwai masu zaman jiran tashi. Aikinsa ya san inda ake kai mai taɓin hankali, yadda ake shigar da bazawara taimakekeniyar lafiya, wa ake gani a Hukumar Zakka, ina ake karɓar takardar haihuwa. Mutum ya zo ƙofa ɗaya maimakon bakwai.

A yi rajistar mabuƙata sau ɗaya a bainar jama'a, a gaban mai unguwa da liman da fasto da wakiliyar mata da wakilin masu buƙata ta musamman, a riƙa sabunta ta duk shekara. Duk rabon da za a yi, a manna sunayen waɗanda suka samu a bangon firamaren mazaɓa. Wanda ya san za a karanta sunansa a bango zai ji kunyar karɓar rabon makaho, ko da bai ji tsoron Allah ba.

Ku nemi hukumar katin ɗan ƙasa da hukumar ƙidaya su riƙa fitowa da na'urorinsu unguwa-unguwa, ko sau ɗaya a wata uku, ku ɗauki nauyin mai da rumfa. Tsofaffi da marasa lafiya a bi su gida. Yadda aka iya bin gida-gida da ɗigon rigakafi, an iya wannan ma.

Kafin ƙarshen shekarar kuɗi, a zuba gangaren siminti a ƙofar kowace sakateriya da kowane asibitin mazaɓa. Buhunan siminti kaɗan ne da birkila ɗaya. A ɗauki masu maganar hannu, ko biyu a kowace ƙaramar hukuma, daga cikin waɗanda suka taso da ita, su riƙa zagaya ranakun awo. A ware wa masu sana'a daga cikin guragu da makafi rumfuna a kasuwanninku.

Sannan ku haɗa kuɗi ku takwas ku gina gidan gajiyayyu ko da biyu ne a sababbin unguwanni, ɗaya ta Kumbotso ɗaya ta Ungogo, tunda ta can garin ya fi bazuwa. Ku sa masu aikin maƙabarta a alawus na wata, ku saya musu kayan aiki, ku ɗaga katangun da suka zube. Abin da kuka ware wa wannan fanni a kasafin kuɗi kuma, ku faɗe shi a rediyo da adadinsa, mu ma mu iya lissafi.

Takardar da aka soke wa sunaye tana nan a wurina, na manna ta a bangon littafin daga ciki. Na ƙara jan layi ɗaya da hannuna a kan sunan mai gadi, na rubuta ranar rasuwarsa a gefe. Mai alala tana nan, magidancin Zamfara yana nan, an ce mai kangon zai fara gini bayan damina. Duk wanda a cikinku yake son ganin littafin, ko ya aiko wakili, kwamitinmu na zama kowace Asabar bayan la'asar a zauren mai unguwa. Ba sai an zo da jiniya ba, layin namu mota ba ta shiga.

Allah ya taimake ku, ya yi muku jagora. Wassalam.

Naku,
Ma'ajin wani kwamitin unguwa, Kano.